Ƙofar Ƙasa da Ƙofar Mutum: Daga Ƙofar Atiku zuwa Gidan Waziri

Babu ɗan kabu-kabun da ke Sakkwato da bai san Ƙofar Atiku ba. Ko daga tasha aka tare shi ko daga bakin kasuwa, da an ambaci sunan sai ya yanke kuɗinsa, a ɗan ja, a hau. Amma in fasinjan baƙo ne, ya sauka yana waige-waigen ganuwar da ƙofar ta huda, sai ya sha kallo. Gidaje ne da shaguna da masallatai, da kwalta da hayaƙin babura. Ganuwa ta daɗe da komawa inda ta fito: damina ta ci rabonta, masu gini suka kwashe saura suka buga tubali. Suna ne ya ƙi tashi. A bakin tsofaffin birni ma "ƙohwa" ake ji, kamar yadda suke cewa "hwada" da "hwari", har Bakano ya yi murmushi, su kuma su yi masa dariyar nasa bakin.

Kowane harshe yana da wasu 'yan kalmomi na yau da kullum da ya ɗora wa kaya fiye da ƙima. Bahaushe ya ɗora wa "ci" sarauta da amana da kasuwa da jarrabawa, ya ɗora wa "baki" gulbi da wuƙa da magana. "Ƙofa" ma tana cikin waɗannan jakunan, sai dai ita a Sakkwato kayanta ya fi na ko'ina nauyi, domin a nan ne ta tashi daga ginin ƙasa ta zama muƙamin mutum, kusan shekara ɗari ana tafiyar da daula da ita.

Muhammadu Bello ne ya kafa birnin a 1809, shekara guda bayan faɗuwar Alƙalawa, a kan tudun da ke kallon mahaɗar gulbin Rima da na Sakkwato. Shehu Usmanu yana Sifawa a lokacin. Sai a 1815 ya taso ya zauna a sabon birnin, aka faɗaɗa ganuwa don ta ɗauki jama'arsa, kuma nan ya rasu a 1817. Shekara bakwai bayan haka, a watan Maris na 1824, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso, aka sauke shi a hannun Gidaɗo ɗan Laima. Ya rubuta cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 20 zuwa 30, ya ƙirga mata ƙofofi 12, kuma ya lura ana rufe su kullum da faɗuwar rana. Wanda magariba ta riske shi a waje, falke ne ko manomi, can zai kwana da jakinsa.

Waɗanda suka zauna a bakin mutane har yau takwas ne: Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Kaɗe da Ƙofar Rini. Mai kunne zai ji tarihin gari a cikin jerin nan. Marke da taramniya da kaɗe sunayen itatuwa ne, alamar dajin da aka sare kafin a yi birni. Rini sana'a ce da kowa ya sani. Dundaye da Kware garuruwa ne. A Dundaye jami'ar da aka kafa a 1975 ta yi mazauninta na dindindin, Kware kuwa ita ce garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu da ya yi wa Bello tawaye tun ƙasar kabarin Shehu ba ta gama bushewa ba, aka ci garin a 1818. Saura biyun mutane ne. Aliyu Jeɗo shi ne Sarkin Yaƙin jihadi. Atiku kuwa ɗan Shehu ne, ƙanen Bello.

Abubakar Atiku mutum ne da tarihi bai cika yi wa fara'a ba. Ya so gadon mahaifinsa a 1817, jama'a ta yi wa Bello mubaya'a, sai ya jira shekara ashirin cif. Clapperton ya ziyarce shi a gidansa a wancan zaman jira, ya tarar yana kiwon jibda da yawa a kejin katako, ana tatsar turarensu, wanda a lokacin haja ce mai tsada har Arewacin Afirka. Ya hau gadon Sarkin Musulmi a 1837. Ruwayoyin Sakkwato suna tuna shi da tsanani da kusanci da Shehu a sha'anin wuridi da asirai. Bai daɗe ba: a 1842 ya fita yaƙi da Gobirawan Tsibiri, ya dawo da rauni, ya rasu a Katuru, shi ya sa ake ce masa Mai Katuru. Gidansa kuwa ya yi tsawon kwana. Ɗansa Ahmadu ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, wani ɗansa Abdurrahman daga 1891 zuwa 1902, sannan jikokinsa Attahiru da Muhammadu Maiturare, sannan Tambari ɗan Maiturare. Za a sake haɗuwa da su a gaba, domin a hannun Atikawa sarauta take ranar da ganuwa ta daina amfani.

Kafin nan sai an tsaya a kan kalmar kanta, don akwai abin da ke kuɓuce wa ko 'yan makaranta. A Hausa ƙofa ba ita ce katakon da ake turawa ba. Wannan ƙyaure ne, Basakkwace da Bakatsine su ce gambu, kuma shi ake sa wa sakata. In na zana ne ko na kara, tufaniya ce. In na tsaiwa ne mai sauka daga sama, asabari. Ƙofa ita ce fagen da aka bari a jikin bango, wurin da babu komai, inda jiki ke wucewa. Ɗakin da ba a taɓa sa wa ƙyaure ba yana da ƙofa. Shi ya sa hanci ma yake da ƙofa, kuma shi ya sa malamai ke cewa ƙofar tuba a buɗe take, ɗan kasuwa ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙofofin arziki. Bahaushe in ya ce ƙofa, wucewa yake tunani. Tarewa aikin ƙyaure ne da mai tsaronsa.

Mai tsaron yana da suna. A manyan biranen Hausa kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, mai gida a gefenta, wanda ke buɗewa da rufewa, ya san baƙon da ya shigo, ya karɓi kuɗin ƙofa daga masu kaya. Ayari ba ya faɗa wa birni haka kawai. Madugu ya sauke mutanensa a zango, a aika ciki, a sami mai masauki, sannan a shiga.

Daga fagen fama kuma aka samo wadda ta fi duka daɗin faɗi, wato ƙofar rago, ko "raggo" a bakin Sakkwatawa. Mayaƙan da suka san aikinsu in sun kewaye gari ba su toshe shi ruf. Sukan bar gefe ɗaya sake, don wanda zuciyarsa ta karaya ya sami ta inda zai sulale. Wanda aka rutsa ba mafita yakan yi faɗan a mutu ko a yi rai, ya kashe mutane da yawa kafin ya faɗi, amma wanda ya hango hanya sai ƙafarsa ta fara ba shi shawara. Dabarar ba ta Hausawa kaɗai ba ce: Sun Tzu na ƙasar Sin ya ba da irin wannan shawara fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, Turawa kuma suna maganar gina wa abokin gaba gadar zinariya in ya juya baya. Sai dai gadar zinariya girmamawa ce, ƙofar rago kuwa da ba'a a cikinta. Yau babu mai kewaye gari da dawaki, amma kalmar tana nan da ranta. Mai bin bashi ya ce a kawo rabi ya yafe rabi, ya yi ƙofar rago. Dattawan da ke sulhu in sun ga mai laifi ya rasa yadda zai janye ba tare da ya ji kunya ba, sai su yi masa ita.

Babban aikin kalmar dai a fada yake. Daular da Shehu ya bari ta yi faɗin da ba a iya riƙe ta daga zaure ɗaya. Gwandu ta ɗauki yamma da kudu, su Nufe da Ilori. Sakkwato ta riƙe gabas, tun daga Katsina da Kano har Adamawa, tafiyar watanni a kan doki. Sarkin kowace ƙasa ba ya aika wa Sarkin Musulmi magana kai tsaye. Yana da wani babba a Sakkwato wanda ta hannunsa komai ke bi, kuma sunan wannan babba ƙofa. Waziri shi ne ƙofar Kano da Zazzau da Adamawa da wasu ƙasashen gabas. Galadima ke riƙe da Katsina, Magajin Rafi ke riƙe da Bauchi. Manzo in ya iso da takarda da gaisuwa, riguna ne ko dawaki ko bayi ko wuri, gidan ƙofarsa zai sauka. Ƙofa ya ciyar da shi, ya karanta takardar, ya zaɓi ranar da za a shiga da ita da fuskar da za a gabatar da ita, ya karɓo amsa, kuma yana da nasa kaso a cikin abin da aka kawo. In sarki ya rasu a can, ƙofa ke hawa doki ya tafi da takardar naɗi da alkyabba.

Haka tsarin ya sauka har ƙasa. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin mulkin Zazzau ya buga littafinsa a 1960, ya nuna cewa sarakunan Keffi da Nasarawa da Jama'a da Kajuru da Kauru da Lere kowannensu yana da ƙofarsa a birnin Zariya, kamar yadda shi Sarkin Zazzau yake da tasa a Sakkwato. Kada a haɗa ƙofa da jakada. Jakada daga sama yake gangarowa ƙauye ya karɓi haraji ya koma. Ƙofa kuwa yana zaune a birni, na ƙasa ne ke hawowa ta kansa.

Gidan da ya fi kowa cin moriyar wannan tsari shi ne gidan Gidaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, wanda unguwar Gidaɗawa ke amsa sunansa. Wazirci ya zauna a zuriyarsa: daga shi sai ɗansa Abdulƙadir, aka bi ta kan 'yan'uwa har zuwa Muhammadu Buhari, har zuwa Waziri Junaidu da ya riƙe muƙamin daga 1948 zuwa rasuwarsa a 1997. Sarautar Sarkin Musulmi tana kai-kawo tsakanin gidan Bello da gidan Atiku, amma ƙofa ɗaya ce ba ta motsi. Wanda ya san fada ya san abin da wannan ke nufi. Sarki sabo ne, Waziri kuwa ya gaji takardun ubansa da na kakansa, ya san wanda ya yi wa wa alkawari tun kafin a haifi mai rawanin.

Akwai abin mamaki a nan, in an tuna daga inda masu jihadi suka taso. A cikin Kitabul Farƙ, inda Shehu ya jera halayen sarakunan Haɓe da ya ƙi, har da rufe wa mabukata ƙofa da karɓar gaisuwa. Tun kafin shi da shekara ɗari uku, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha, yana ta maimaita masa cewa babu masifar da ta kai sarki ya shige bayan shamaki talakawa su daina ganinsa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ɗauko wannan nasiha ya sa a Liya'ul Hukkami da ya rubuta a Kano. Ke nan mutanen da suka yi yaƙi da ƙyaure su ne suka wayi gari suna naɗa ƙofofi. Ba lallai a kira wannan saɓa alkawari ba. Mutum ɗaya ba zai saurari Yola da Katagum da Bauchi da kunnensa ba, kuma ƙofa na kirki yakan tsaya wa mutanensa, ya sassauta fushin sarki, ya nema musu afuwa. Matsalar ita ce mutum ba fage ba ne a jikin bango. Yana da ciki, yana da surukai, yana da wanda yake so.

Kano ta ga iyakar tsarin a 1893. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu Waziri Buhari yana cikin birnin. Sarkin Musulmi Abdurrahman ɗan Atiku, wanda zafinsa ya sa aka laƙaba masa Ɗanyen Kasko, ya aiko a naɗa Tukur ɗan marigayin, alhali yawancin masu ƙarfi a Kano suna bayan 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi. Ruwayoyi sun nuna Waziri ya hango abin da zai biyo baya, amma umurni ya fi ƙarfinsa, ya naɗa. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice zuwa Takai, aka shiga Basasa. Yusufu ya rasu a hanya, ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi tuta ya ci Kano a 1894, Tukur ya gudu ƙasar Katsina, aka kashe shi a 1895. Sakkwato ta ƙare da amincewa da wanda ta ƙi tun farko. Aikin ƙofa shi ne magana ta shiga ta fita; a wannan karon ta fita daga Sakkwato da ƙarfi, ta Kanawa kuwa ba ta sami shiga ba, aka biya da rayuka.

Shekara goma ba ta cika ba sai ga Nasara. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. Ranar 15 ga Maris rundunar Kanar Morland ta tsaya a filin da ke kudu da ganuwar Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku, wanda bai fi 'yan watanni a kan gado ba, bai tsaya bayan ganuwa ba. Ya fito da jama'arsa fili, ɗan'uwansa Marafa Maiturare yana riƙe da ɓangare guda na rundunar. Takobi da mashi da kibiya suka gamu da bindiga mai ruwa da igwa, kafin rana ta take an watse. Giginyar da ke filin ce ta ba yaƙin suna, ita ce kuma ta ba barikin soja da filin wasa da otal sunan da suke amsawa yau. Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a na ta bin sa gari-gari, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello ya ƙarasa da saura zuwa Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin Kogin Nilu har gobe.

Wanda ya tsaya ya fuskanci Turawa shi ne Waziri Buhari. Ya shawarci malamai, ya komo birni, daga baya ya rubuta risala yana bayyana wa masu ilmi dalilinsa: in kowa ya tafi, wa za a bar wa raunana? Wato ƙofar da ta saba shigar da Kano da Zazzau wurin Sarkin Musulmi ita ce ta shigar da Sakkwato wurin Gwamna Lugga, jagoran Turawan. Ranar 21 ga Maris Lugga ya tara manyan gari, aka naɗa Attahiru na biyu daga gidan Bello, ya kuma shaida musu cewa naɗa sarakuna da sa haraji sun koma hannun Gwamna. Da wannan magana ƙofar Waziri ta toshe ta gabas. Sarkin Kano ya koma kallon Razdan ɗinsa, Sarkin Zazzau nasa. Takardun da aka samu a gidan Waziri, na sarakuna masu ba da labarin motsin Nasara da masu neman umurni, H. F. Backwell ya fassara su ya buga a 1927. Mai karanta su yana ganin yadda labarin daula duka yake bi ta zaure ɗaya.

Turawa sun yi alfaharin sun kawar da 'yan tsakiya. Sun kori jakadu, sun tura hakimai su bar birni su zauna a gundumominsu. Amma Baturen da bai iya Hausa ba shi ma sai da ƙofa, tasa kuwa ta fi ta dā ƙunci. Tafinta da masinja suka zama masu faɗa a ji. Adamu Jakada, Bakanon da ya yi wa kamfanin Royal Niger aiki kafin ya koma wurin Lugga, ya kai matsayin da sarakuna ke shakkarsa. Rahotannin Lugga da kansa cike suke da kukan tafintoci da masu shigar burtu da sunan gwamnati suna tatsar ƙauyuka, har aka wajabta wa jami'an mulki cin jarrabawar Hausa. Kalmomin "tafinta" da "masinja" su kansu daga bakin Bature aka ɗauko su, aka lanƙwasa.

Da makaranta da ofis da rediyo sai ga ƙofofin Ingilishi sun shigo, kuma su biyu ne inda Hausa ke da ɗaya. "Door" ta ɗaki ce, kuma ta fi karkata ga ƙyauren. "Gate" ta shinge ce ko ta gari. Ta farkon ba ta sami wurin zama a Hausa ba, domin ƙofa da ƙyaure sun riga sun cika gurbin. Ta biyun ta samu, ta zama "get", amma aka ware mata irin gidan da za ta tsaya: bariki, asibiti, makaranta, gidan mai kuɗi. Babu mai ce wa ƙofar zauren kakansa get. Get na ƙarfe ne, yana ƙara in an ja shi, kuma yana tafe da mai gadi, wanda shi ma sunansa rabi Hausa ne rabi Ingilishi. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru suna yin alkawari a Men Get ko a Nos Get, direbobi kuma sun sha biya a tolget kafin gwamnatin Obasanjo ta rushe su. Bayan farin 1973 da 1974, Buzaye da yawa da dabbobinsu suka ƙare sun gangaro biranen Najeriya, get ɗin masu hali ya zama wurin zamansu, da butar shayi da takobi.

Masu fassara ne suka fi shan fama. Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da sashen Hausa na BBC a 1957, kullum sai an ci karo da wata magana da Bature ya gina a kan ƙofarsa. Gwanayen cikinsu sun gane da wuri cewa ba a bin ta kalma-kalma. Taron da Ingilishi ke cewa an yi shi bayan rufaffen ƙyaure, suka ce ganawar sirri. Abin da aka shigo da shi ta ƙofar baya, suka ce an bi ta bayan fage. Yawon ƙofa zuwa ƙofa ya zama gida-gida, na ƙofa ta gaba ya zama maƙwabci, wanda ke bakin ƙofar mutuwa kuwa rai kwakwai mutu kwakwai. Mafi haɗari ita ce nuna wa mutum ƙofa: a Ingilishi kora ce, a Hausa kuwa wanda ya nuna wa baƙo ƙofa ya kyauta masa. Guda ɗaya ta shige ba gardama, ita ce buɗaɗɗiyar ƙofa, wadda Amurka ta sa wa manufarta kan kasuwar ƙasar Sin a 1899. Gwamna ya ce ƙofarsa a buɗe take ga kowa, ba wanda zai ji baƙon abu, sai dai masu sauraro su kalli juna.

Wata kuma ta zo ta hanyar da ba a zata ba. Watergate sunan wani rukunin gine-gine ne a birnin Washington, inda aka kama masu fasa ofishin jam'iyyar adawa a 1972, abin da ya kai Shugaba Nixon ga murabus a 1974. Daga nan 'yan jarida suka yanke wutsiyar sunan suna liƙa ta a jikin kowace badaƙala, jaridun Legas da Abuja ma suka ɗauka. Wannan ba ta fassaruwa ko kaɗan, don babu ƙofa a cikinta. Mai karanta labarai da Hausa sai ya ce badaƙalar kaza ya wuce.

In aka duba nesa, Sakkwato ba ita kaɗai ta mai da ƙofa mulki ba. A Istanbul ƙofar ofishin babban wazirin daular Usmaniyya, Babul Ali, ita ce ta zama sunan gwamnatin baki ɗaya a bakin jakadun Turai. Can ma ƙofar waziri ce, ba ta sarki ba. Kalmar Larabci "bab" kuwa ta daɗe da shigowa Hausa ta hannun malaman zaure, sai dai ta ɓad da kama: duk almajirin da ya ce ya kai babin alwala a littafin fiƙihu, ƙofar alwala yake cewa. Landan ma ta rushe ƙofofin ganuwarta a shekarun 1760 don kekunan doki su sami hanya, amma Aldgate da Moorgate suna nan a matsayin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda Ƙofar Mata take a Kano, Ƙofar Doka a Zariya, Ƙofar Ƙaura a Katsina. A ƙasar Hausa abin ya ma wuce adireshi. Da makarantar boko ta nemi kowane yaro ya kawo suna na biyu, da yawa sun ba da sunan unguwarsu, shi ya sa ake da lauyoyi da 'yan majalisa da malaman jami'a masu amsa sunan ƙofa.

Ƙofar mutum ba ta cikin tsarin mulkin Najeriya, ba ta cikin dokar masarautu, amma ba wanda ya taɓa neman aiki ko gurbin karatu ko buhun taki da bai san ta ba. Sunayenta ne suka yawaita. Wani ya ce hanya, wani ya ce alfarma, wani ya ce wane yana da ƙafa, tsofaffi su ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. A gidan gwamnati sunanta fi'e ko sakatare, ko kuwa direban da ya san lokacin da mai gida ke cikin raha. Dattijon da zai nema wa ɗansa aure har yanzu yakan tambaya ta wace ƙofa za a bi, wato wane kawu ko wane aminin uba ne maganarsa ba ta faɗuwa a gidan. Mai unguwa ƙofar dagaci ne, dagaci ƙofar hakimi, kuma wanda ya tsallake su ya kai kuka fada kai tsaye, tambayar farko da zai sha ita ce wa ya kawo shi.

A Ƙofar Atiku kuwa magariba takan yi ba wanda ya ja sakata. Ladanai su kira salla, masu shago su sauke ƙyauren ƙarfe rabi su nufi masallaci, masu tuyar ƙosai da awara su kunna fitila. Motocin da suka kwaso albasa da tumatir daga fadamun Rima suna wucewa har tsakar dare, 'yan kabu-kabu na bin bayansu suna neman fasinjan ƙarshe zuwa Gidaɗawa ko Ƙofar Rini.